Me ya haɗa wanda ya bugu a kai da maganin olsa?

TAMBAYA: Salamu alaikum likita, dan Allah ƙanina ne ya yi hatsari a babur ya bugu a kai, yau kwanansa biyar a ɗakin ICU, wato ɗakin kulawa ta musamman, an sa masa injin numfashi. Toh cikin magungunan da aka rubuto mana sai na ga pantoprazole, mai kemis ya ce na olsa ne, alhali yaron nan wallahi bai taɓa kukan olsa ba. Kuskure aka yi ko kuwa? Daga wata 'yar uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ba kuskure ba ne 'yar uwa, ki siyo musu.

Kin ga idan jiki ya shiga mawuyacin hali sai ya janye jini daga ciki da hanji ya tura wa zuciya da ƙwaƙwalwa, to fatar cikin tumbi da jinin nan take kare kanta daga ruwan tsamin da ke narka abinci, da jinin ya ragu sai tsamin ya fara cinta, ta yi ƙananan gyambuna wani lokacin cikin kwana ɗaya biyu kawai. Wanda ya bugu a kai kuma abin ya fi, don cikinsa ƙara zubo tsamin yake yi, wani likita ɗan Amurka Harvey Cushing ya bayyana haka tun 1932. Masu mummunar ƙuna ma suna samunsa. Waɗanda aka fi ji wa tsoro su ne wanda ya haura awa 48 a kan injin numfashi da wanda jininsa ba ya daskarewa da kyau, kin ga ƙaninki ya haɗa dalili biyu kenan, injin ga kuma bugun kai. Pantoprazole ɗin rage tsamin yake, wasu asibitocin omeprazole ko famotidine suke bayarwa.

Abin da ke damuna shi ne mara lafiyan ba ya iya cewa cikina na ciwo. Sai dai nas ta ga abin da ke fitowa ta robar da aka zura masa ta hanci zuwa ciki ya koma baƙi-baƙi kamar garin kofi, ko bayan gidansa ya yi baƙi wuluk kamar kwalta. In kin lura da haka ki faɗa nan take, kar ki ce bari likita ya zagayo. In jini ne ke zuba akan ƙara maganin ta jijiya, a yi ƙarin jini in ya kama, a zura kyamara ta baki a nemo wurin a tsayar da shi.

Abincin ruwan da suke ba shi ta roba ma kariya ne ga cikin, amma dan Allah kar ku saci jiki ku ɗura masa kunu ko jiƙo, zai iya bi ta huhu. Haka magungunan rage ciwo irin su diclofenac da ibuprofen, kar kowa ya kawo sai da sanin likita.

Ranar da aka cire injin ya fara ci da bakinsa in sha Allah, ki tambayi likitansa ko lokacin tsayar da maganin ya yi, don mutane da yawa suna komawa gida su yi ta sha wata da watanni babu dalili.