Me ya sa jirgin fiton Likoni ba ya juyawa?

Mai tambaya na son sanin dalilin da jirgin da ke ɗaukar motoci zuwa tsibirin Mombasa a Kenya bai da gaba bai da baya.

Da gangan aka ƙera shi haka. Mashigin ruwan Kilindini, da ya raba Likoni da tsibirin, faɗinsa kusan mita 500 ne kacal, kuma ta nan manyan jiragen dakon kaya ke shiga tashar Mombasa, shi ya sa ba a gina wa motoci ƙaramar gada ba, ake fito tun 1937. Juya jirgi a wannan matsatsi ɓata lokaci ne, ga haɗari. Sai aka sa masa ƙofar ƙarfe a kowane ɓangare, ana sauke ta kan gangaren siminti. Mota ta hau ta nan, ta sauka ta can, direba bai yi ribas ba.

Raunin tsarin yana wajen ƙofar. Gishirin teku na cin ƙarfe da na'urar ɗaga ta, in ta ƙi ɗaguwa babu abin da zai tare motar ƙarshe. A Satumbar 2019 wata mota ta sulale daga jirgin fiton MV Harambee, uwa da 'yarta suka rasu. Don haka ka ja birkin hannu, ka kashe inji, ka sauke gilashi kafin a tashi.