Na biya kuɗin ƙungiyar ɗalibai, to me take tsinana mini?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji ɗaya a jami'a. Ranar rajista an karɓi kuɗin ƙungiyar ɗalibai a hannuna, amma har yau ban ga abin da take yi ba sai fastocin 'yan takara da hayaniyar zaɓe. Wane amfani take da shi gare ni? Kuma mai irin halina, wadda ba ta son siyasa, akwai inda za ta shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Na daɗe ina aiki a ofishin kula da harkokin ɗalibai, kuma kusan duk shekara sai wani sabon ɗalibi ya yi mini wannan tambaya. Abin da kika gani shi ne mafi ƙarancin aikin ƙungiyar, sai dai shi ya fi ƙara. Zaɓe na 'yan kwanaki ne. Ainihin aikin a ɗakunan taro ake yinsa, inda ba fasta ba lasifika.

Jami'a da kwamitoci ake tafiyar da ita. Jadawalin jarrabawa, rabon ɗakunan kwana, lokacin rufe laburare, ƙarin kuɗin makaranta, duk sai an zauna a kansu kafin a liƙa sanarwa a allo. A jami'o'i da yawa ƙungiyar ɗalibai tana da kujera a wasu daga cikin waɗannan zama, wani wurin har a majalisar gudanarwar jami'a. Idan wakilinku ya ce, "Wannan jadawali ya haɗa wa 'yan aji biyu takardu uku a rana ɗaya," gyaransa a teburin nan aikin minti kaɗan ne. Da zarar an liƙa shi kuwa, sai an kai ruwa rana. Sau da yawa zanga-zangar da ake gani alama ce cewa an rufe waccan ƙofar, ko kuma wanda aka tura bai buɗe baki ba.

Amma inda na fi so ki riƙe shi ne ranar da ɗalibi ya shiga matsala shi kaɗai. An zarge shi da satar amsa, ko sakamakonsa ya ɓace, ko wani malami ya matsa wa ɗaliba da abin da bai dace ba. Mai shekara 18 da aka kira gaban kwamitin ladabtarwa, ga farfesoshi jere, yawanci bai san yana da damar ganin hujjar da ake tuhumarsa da ita ba. Bai san a yawancin jami'o'i zai iya zuwa da mai raka shi ba, bai kuma san ɗaukaka ƙara tana da wa'adi ba. Na ga ɗaliban da suka rasa shekara guda don kawai sun sa hannu a takardar da ba su karanta ba, ko sun kawo kokensu bayan wa'adi ya wuce, kuma har yau abin yana damuna. Ƙungiya mai aiki tana da sakataren walwala, wata ma har da ma'aikatan ba da shawara, waɗanda suka san dokokin jami'ar ciki da bai. Su za su zauna da ke, su taya ki rubuta bayani, su raka ki ranar zama. Ba za su wanke mai laifi ba, amma za su tsaya a bi ƙa'ida. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ki san ofishinsu tun yanzu da ba ki da matsala.

Sauran ayyukan kin fi saurin ganinsu: tarbar sababbin ɗalibai, wasanni, ƙungiyoyin muhawara da na sashe, tallafi ga wanda kuɗi ya yanke masa, tsaya wa masu buƙata ta musamman a samar musu hanyar shiga aji.

Game da kuɗin da kika biya, ƙasashe sun sha muhawara a kai. Ostireliya ta daina tilasta wa ɗalibai biyan kuɗin ƙungiya a 2006, hidimomi da dama a jami'o'inta suka yi rauni, har a 2011 majalisar ƙasar ta sake ba jami'o'i damar karɓar kuɗin hidimar ɗalibai. Suwidin ta soke shiga ƙungiya na dole a 2010. A Birtaniya kuwa, Dokar Ilimi ta 1994 ta shimfiɗa sharuɗɗa: ƙungiya ta kasance da rubutaccen tsarin mulki, a zaɓi manyan shugabanni ta ƙuri'ar sirri, kada wanda ya ajiye karatu don riƙe muƙami ya wuce shekara biyu a kai, a riƙa fitar da rahoton kuɗi duk shekara, kuma ɗalibi yana da 'yancin ƙin zama mamba. Wannan doka ta Birtaniya ce kaɗai, amma ma'auni ne mai kyau da za ki auna taku ƙungiyar da shi.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai ƙungiyoyin da suka lalace. Wasu 'yan siyasar waje sun saye su, wasu sun zama 'yan amshin shatan hukumar makaranta, wasu kuɗin ne kawai ya tara shugabanninsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ita ce ɗalibai masu natsuwa irinki da suke ja da baya su ce ba ruwansu. Idan mutum ɗari suka yi zaɓe a madadin dubbai, wanda ya ci ya san mutum ɗari kaɗai ke binsa bashi.

Shiga kuma ba sai kin buga fasta ba. Wakilcin aji ya fi komai sauƙi, kuma ya fi taɓa karatunki kai tsaye: ki tattara koken 'yan ajinku, ki kai wa shugaban sashe, ki dawo musu da amsa. Akwai kwamitoci da ke neman masu sa kai, kamar na tarbar sababbi ko na binciken kuɗi. Akwai babban taron ɗalibai, inda kowane mamba ke da damar ɗaga hannu ya tambayi ma'aji ina kuɗi suka shiga. Ranar zaɓe kuma ki fita, ki duba wanda ya san dokokin jami'a, ba wanda ya fi yawan magoya baya masu ihu ba.

A makon nan ki je sakatariyar ƙungiyar ki nemi kwafin tsarin mulkinta. Ki karanta wurare biyu: yadda mamba ke gabatar da ƙudiri, da lokacin da ake karanta rahoton kuɗi. Idan aka ce miki babu kwafi, ki rubuta buƙatarki a takarda, ki ajiye kwafi ɗaya a wurinki, ki kai ɗaya ofishin harkokin ɗalibai.