Tambaya da Amsa: Solar ruwan zafina tana ƙugi kamar cikin mai yunwa

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni a Hamburg nake a ƙasar Jamus, gidan da muka saya akwai fanel biyu na dumama ruwa a saman rufi, kwana biyu ɗin nan bututun sai ƙugi yake, allurar geji ta sauko kusan ƙasa kuma ruwan baya zafi sosai. Wani abokina yace in ƙara ruwan famfo kawai, wani kuma yace in zuba irin na lagireton mota. Dan Allah ya zanyi tunda sanyi ya kusa?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Toh duka shawarwarin nan biyu ajiye su gefe. Ruwan famfo zai tsinka maganin hana daskarewa da ke cikin ruwan da ke zagaya fanel ɗin, ranar da sanyi ya sauka ƙasa da sifiri sai ya daskare ya fasa maka fanel, na mota kuwa guba ne, ga shi bututun yana ratsa tankin ruwan wankanku. Abin da ake zubawa shi ne firofilin gulaikol na sola, kamar kashi 40 cikin 100 sauran ruwa, yana jure sanyi har wajen digiri 20 ƙasa da sifiri. Akwai wanda aka riga aka haɗa irin Tyfocor LS, shi ba a ƙara masa ruwa ko ɗigo, kuma kar ka gauraya iri biyu.

Ƙugin nan iska ce ta shiga, amma kafin komai nemo inda ruwan ya bi ya fita, ko yoyo a mahaɗa, ko ƙaramin tankin daidaita matsi mai balan-balan a ciki ya sace.

Kar ka kuskura kayi aikin da rana tsaka, fanel in ruwa baya zagayawa yana haura digiri 150, kana tura ruwa zai koma tururi ya ƙone ka. Da sassafe ko ka lulluɓe fanel ɗin. Ka samo famfon cikawa mai tiyo biyu, ɗaya daga jarka zuwa bawul na shiga, ɗayan daga bawul na fita ya dawo jarkar, ka rufe bawul ɗin da ke tsakaninsu don dole ruwan ya hau rufi ya zagayo. Nan ne mutane ke gajen haƙuri wallahi, minti biyar sun kashe, alhali sai ya yi minti 20 zuwa 30 yana zagayawa, lokaci-lokaci ka rufe na fita matsi ya hau sannan ka buɗe farat ɗaya, kumfar da ta maƙale a kwana sai ta fito, haka har ka daina ganin kumfa a jarka.

Sai ka rufe na fita ka saita matsi, wajen bar 1 (bar shi ne ma'aunin matsi a jikin geji) da ƙarin 0.1 kan kowace mita ta tsayi zuwa fanel, in takardar injin ta faɗi wani adadi bi nata. Ka buɗe bawul na tsakiya, mafitar iska ta saman rufi kuma ka rufe ta.

In tsohon ruwan ya koma baƙi-baƙi yana warin ƙuna, ya mutu, a wanke layin a sake sabo, kar a zubar a kwata. Masu karatunmu na Kano da Zinder kuwa wannan wahala ba taku bace, hunturunmu baya daskarar da ruwa a bututu.