Ramukan da ke cikin wasiƙun kakanki

Kin tambaya me ya sa wasiƙun da kakanki, sojan ƙasa, ya riƙa aiko wa matarsa a Yaƙin Duniya na Biyu suke da ramuka, kuma bai taɓa faɗin inda yake ba. Tacewa ce. Kafin wasiƙa ta bar sansani sai hafsa ya karanta ta. In ya ga sunan gari, ranar tashin runduna ko yawan waɗanda aka kashe, sai ya sa reza ya cire, ko ya shafe da baƙar tawada, don gudun ta faɗa hannun abokan gaba.

Amma ki duba bakin ramin tukuna. Na taɓa riƙe irin waɗannan wasiƙu a hannuna: yankan reza a miƙe yake, daidai tsawon kalmar, cin ƙwari kuwa ba ruwansa da layi. Ki juya bayan takardar ma. Sojoji da yawa gefe ɗaya kawai suke rubutu, don in an yanke kada a haɗa da gaisuwar da ke baya. Tacewar nan ce ta sa zancen kakanki duk bai wuce lafiya, ruwan sama da kewar yara ba.