Amsa: Abin da ya karya baraden Shah Isma'il a Caldiran

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa mahayan Shah Isma'il na Farisa suka sha kashi a hannun Turkawa a filin Caldiran da ke arewa maso yammacin Farisa, alhali an ce babu kamarsu a sukuwa da sara.

Jarumta ba ta gaza ba. Ranar 23 ga Agusta 1514, sojojin sarkin Turkawa, Sultan Salim na Ɗaya, sun iso filin nan a gajiye, domin Farisawa sun ƙone amfanin gona a kan hanyarsu. Muhammad Khan Ustajlu, ɗaya daga cikin kwamandojin Shah, wanda ya san yaƙin Turkawa, ya ce a afka musu tun ba su daidaita sahu ba. Wani kwamandan Shah, Durmish Khan Shamlu, ya ga hakan ragwanci ne, Shah kuma ya bi ra'ayinsa. A ganina nan aka yi asarar yaƙin.

Jinkirin ya ba Turkawa damar jera amalanke, suka ɗaure su da sarƙoƙi, suka girke igwa, dakarun Janisari, wato zaratan sojojin ƙasa na Sultan, suka laɓe a baya da bindigogi. Shah da kansa ya jagoranci farmaki, ya tarwatsa ɓangaren hagu na Turkawa, har aka kashe Hasan Pasha, kwamandan wannan ɓangare. Amma da barade suka doshi tsakiya sai wuta ta buɗe. Doki ba ya tsallake sarƙa cikin hayaƙi da ƙarar igwa, ko da wane gwarzo ne a kansa. Ustajlu ya mutu, Shah ya ji rauni, da ƙyar ya sha.

Salim ya shiga Tabriz, babban birnin Shah, a watan Satumba, amma bai daɗe ba ya juya, saboda sojojinsa sun ƙi yin hunturu a can. Shah Isma'il kuwa bai sake jan runduna da kansa ba har ya rasu a 1524.