Kada ka riga kamfanin jirgin soke tafiyar

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Na karanta tambayarka tun bayan sallar isha'i, amma na bari sai da gida ya yi shiru domin in ba ka amsa a tsanake. Ka ce kun biya kuɗin tafiyar mako guda a jirgin ruwan shaƙatawa da zai tashi daga Miyami ta Amurka nan da kwana shida, kai da iyalinka da Hajiya mahaifiyarka, sai ga shi an raɗa wa wata guguwa suna a tekun Atlantika, taswira kuma tana nuna ta doshi Bahamas da Fulorida. Kana tambaya ko ka soke tun kuna Riyad ka tsira da abin da ya samu, ko kuwa ka dakata, ga Hajiya kuma hankalinta ya ƙi kwanciya.

Shawarata ita ce kada ka soke da hannunka. A yarjejeniyar yawancin waɗannan kamfanoni, wanda ya janye ana saura kwanaki kaɗan a tashi ya yi asarar kuɗin tafiyar ɗungurungum, in ban da harajin tashoshi da ake mayar masa, alhali idan kamfanin ne ya soke, shi zai mayar maka da abin da ka biya. Tsoron guguwa, komai girmansa, ba ya cikin uzurorin da suke karɓa muddin jirgi zai tashi. Saboda haka ka buɗe takardar yarjejeniyar da suka aiko maka lokacin da ka biya, wadda yawancinmu ba ma karantawa, ka nemo sashen da ya yi magana kan sokewa da kuma wanda ya ba su damar sauya hanya, ka karanta su kafin ka taɓa komai.

Abin da ya sa nake magana da ƙarfin gwiwa shi ne na taɓa shiga irin wannan hali. A ƙarshen watan Agustan 2019, bayan babbar salla, na tashi daga nan Jidda da maiɗakina da yaranmu uku, muka shiga jirgi a tashar Canaveral da ke gabas da Orlando, da niyyar dawowa ranar Lahadi 1 ga Satumba. Muna tsakiyar tafiya guguwar Dorian ta fara ƙarfi. A ranar da ya kamata mu sauka ne ta afka wa tsibiran Abaco na Bahamas da iska mai gudun kusan kilomita 295 a awa, sannan ta tsaya a kan Grand Bahama fiye da yini guda tana ɓarna ba ta gusa ba. An rufe tashar da za mu koma, kyaftin ya juya da mu yamma wajen gaɓar Meziko, ba mu taka ƙasar Amurka ba sai ranar Laraba.

A duk waɗannan kwanaki ban ga guguwar da idona ba, kuma wannan ne abin da nake so ka fara gaya wa Hajiya. Gudun da ake faɗa a labarai gudun iskar da ke juyawa a cikin guguwar ne, amma ita kanta guguwar tafiyarta a kan teku ba ta da sauri, sau da yawa ba ta kai saurin jirgin ba, wanda yake iya yin kusan kilomita 40 a awa, kuma masu tuƙa shi suna ganin hasashen kwana biyar a gabansu. Gida ba ya iya tashi daga inda aka gina shi, jirgi kuwa yana kaucewa tun da sauran nisa. Abin da ya iso gare mu shi ne igiyar ruwa. Dare guda jirgin ya yi ta rausaya a hankali, ƙofar kabad ɗin ɗakinmu tana buɗewa tana rufewa da kanta, da safe muka tarar an zubar da ruwan wurin ninkaya an rufe shi da raga, an kuma rataye ledojin amai a jikin ƙarafan matakala. Ƙaramar 'yarmu ta yi jiri har azahar, muka ba ta shayin citta da busasshen biskit, da la'asar tana wasa. Sallar asubar ranar na fara ta a tsaye na ƙarasa a zaune, alƙibla kuma sai na riƙa duba ta a waya kafin kowace salla saboda jirgin yana yawan sauya fuska.

Wahalar da na sha duk a tudu take, kuma mafi yawanta daga tsarin da na yi ne tun ina Jidda. Na sayi tikitin jirgin sama mafi araha, wanda ba a sauya masa rana sai da tara, na kuma sa ranar dawowa a yammacin ranar da za mu sauka daga jirgin ruwa. Da kyaftin ya yi sanarwa a lasifika cewa an ƙara mana kwana uku, wasu fasinjoji tafi suka yi, ni kuwa gabana ne ya faɗi, domin filin jirgin Orlando a buɗe yake ranar Lahadin, jirginmu zai tashi ko muna ciki ko ba ma ciki. Wanda bai zo ba kuma bai sanar ba, ana iya soke masa sauran zangon tikitin gaba ɗaya. Na tsaya a layi gaban teburin karɓar baƙi fiye da awa biyu, da fasfo biyar a hannuna, kafin in samu wayar da zan kira kamfanin jirgin saman, kuma bambancin kuɗin da na biya wa mutum biyar ya yi mini nauyi ƙwarai. Daga baya shi ma filin jirgin aka rufe shi fiye da yini guda, mutane suka taru, kujeru suka yi wuya. Don haka ka kira kamfanin jirgin samanku yau, ka tambayi sharaɗin tikitinku, ka kuma riƙa duba shafinsu, domin idan guguwa ta matso sukan ba da damar sauya rana ba tare da tara ba. Idan su ne suka soke jirgin da zai shiga Amurka ko zai fita daga cikinta, dokar ƙasar ta ba ka haƙƙin karɓar kuɗinka in ba ka amince da wani jirgin ba.

Akwai kuma abin da Ba'amurken da ke ba da shawara a intanet ba zai taɓa tuna maka ba, domin shi ba ya rayuwa da iƙama, wato katin izinin zama a Saudiyya. Ka duba ranar ƙarewar huruj wa auda ɗinku, wato bizar fita da dawowa Saudiyya, na kowa da kowa, da ranar ƙarewar iƙamar kanta. Ni na yanki tamu daidai da kwanakin hutuna, na bar rarar kwana biyar kacal, guguwa ta cinye uku a teku, neman kujerar jirgin sama ya cinye ɗaya, muka sauka a Jidda ana saura yini guda. Ana iya tsawaita ta daga waje, ta iyali ta asusun maigida a Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, taka kuma ta hannun kafilinka, wato wanda ya ɗauki nauyin zamanka, ko ofishin ma'aikatarku, matuƙar iƙama ba ta mutu ba, amma ba abu ne da mutum zai so ya nema daga tsakiyar teku da intanet mai yankewa ba, musamman da yake Absher yana aiko da lambar shiga zuwa layin wayarka na Saudiyya. Ka ƙara kwanakin tun kana Riyad, ka sanar da wurin aikinka a rubuce cewa dawowarka tana iya jinkirta, ka kuma tabbatar layinka yana karɓar saƙo a ƙasar waje. Hajiya kuma, idan da bizar ziyara take zaune a wurinka, ka tabbatar tana ba ta damar sake shigowa bayan ta fita.

Haka batun bizar can. Jirgin da ya je wata ƙasa ya dawo, sabuwar shiga Amurka ce, saboda haka ya kamata bizarku ta zama mai shiga fiye da sau ɗaya. Sannan idan aka sauya hanya, ana iya kai ku ƙasar da ba ta cikin lissafinku, kamar yadda jiragen gabashin Karebiyan kan koma Kozumel ta Meziko ko Jamaika, kuma mai fasfon Najeriya ko Nijar ba sharaɗinsa ɗaya da na mai fasfon Amurka ba. Ka rubuta wa kamfanin ka tambaye su abin da zai faru da masu irin fasfonku idan hanya ta sauya, ka ajiye amsar.

Game da taswirar da ta tayar maka da hankali, ka daina bin hotunan da ake turawa a WhatsApp, ka koma ga tushen labarin, wato cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Miyami. Tana fitar da cikakken bayani duk bayan awa shida, wanda a agogonmu na nan yake faɗowa ƙarfe 6 na safe, da 12 na rana, da 6 na yamma, da 12 na dare. Sau huɗu ɗin nan sun isa, domin duba waya kowane minti goma ba ya ƙara ilimi sai fargaba. Zanen nan mai kama da mazurari, wanda yake faɗaɗa yayin da kwanaki ke ƙaruwa, ba girman guguwar yake nunawa ba. Yana nuna inda ake sa ran tsakiyarta za ta bi ne, kuma an auna shi yadda tsakiyar kan zauna a cikinsa kusan sau biyu cikin uku. Ma'ana tana iya fita daga cikinsa, kuma iska da ruwan sama suna kaiwa wuraren da ke wajensa. Dorian kanta an yi kwanaki ana nuna za ta shiga tsakiyar Fulorida, daga baya ta karkata arewa ta bi gefen gaɓa. Kwana shida yana da nisa a wannan lissafi, kuma shi ya sa kamfanoni ba sa yanke hukunci da wuri, sukan jira har saura kwana biyu ko uku. Su ma jira suke yi su ji daga dakarun tsaron gaɓar tekun Amurka, waɗanda ke fara gargaɗin tashoshi tun ana saura awa 72 iska mai ƙarfi ta iso, su rufe tasha gaba ɗaya idan ya rage awa 12.

Inshora, wadda muke kira ta'amin a nan, ba zan daɗe a kanta ba. Idan ka saya kafin a raɗa wa guguwar suna, ka karanta abin da ta ɗauka na jinkiri da kuɗin otal da sauyin tikiti. Idan ba ka saya ba, wadda za ka saya yau ba za ta biya asarar wannan guguwar ba, ko da yake tana da amfani ta fuskar jinya, wadda tsadarta a Amurka da cikin jirgi ba ƙarama ba ce. Ka tambayi bankinka ma ko katin da ka biya da shi yana da irin wannan kariya.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne kwanakin da za ku yi a Miyami kafin ku shiga jirgi, domin a nan haɗarin gaskiya yake. Mu da muka ga ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009, lokacin da ruwan sa'o'i kaɗan ya kwashe motoci ya hallaka mutum fiye da ɗari, mun san abin da ruwa yake yi wa gari, kuma guguwar can tana zuwa da tunkuɗowar teku da ɗaukewar wuta na kwanaki a kan haka. Ba zan so a ce kana otal a bakin teku da dattijuwa da ƙananan yara, a ba da umarnin kwashe mutane, kai ba mota ba, ba ɗan'uwa a garin ba. Gargaɗin da hukuma ke bayarwa mataki biyu ne, na farko ana saura awa 48 iska mai ƙarfi ta iso, na biyu mai tsanani ana saura awa 36. Idan ranar tashinku daga Riyad ta zo alhali an sa Miyami a ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu, ni a ganina kada ku hau jirgin sama, ko da kamfanin jirgin ruwa bai ce komai ba tukuna. Ku jinkirta tikitin, ku jira sanarwarsu. Idan kuwa guguwar ta karkata, ku tafi, ku kama otal wanda ake iya sokewa kyauta kuma nesa da gaɓa, ku bar kwana biyu tsakanin saukowa daga jirgin ruwa da tashin jirgin sama.

Ka kuma shirya zuciyar iyalinka cewa tafiyar da za a yi mai yiwuwa ba ita ce wadda aka biya ba. Ana iya rage ta zuwa kwana huɗu ko biyar saboda jirgin da zai ɗauke ku bai samu shigowa ba, a mayar muku da kuɗin kwanakin da aka rage, ana iya tsallake tsibirin da yara suka fi ɗoki ba tare da diyya ba sai harajin tashar, ana ma iya sauke ku a wata tasha dabam. Waɗanda suka shiga jirginmu bayan mun sauka gajeriyar tafiya suka samu. Yawon da kuka yi ajiyarsa a tsibirai ta hannun kamfanin jirgin sukan mayar da kuɗinsa da kansu, amma wanda ka biya wa wasu 'yan kasuwa na waje sai ka bi su da kanka, don haka ka duba sharaɗinsu tun yanzu.

Maganin Hajiya, na hawan jini ne ko na suga, ku ɗauki na ƙarin mako guda a kan kwanakin tafiyar, a cikin jakar hannu, tare da takardar likita mai ɗauke da sunan maganin da Turanci. A jirginmu na ga wani dattijo zaune a ƙofar asibitin jirgi da kwalin magani babu komai a ciki, ɗansa yana ta ƙoƙarin bayyana wa ma'aikaciyar jinya sunan ƙwayar. Ka nemi a ba ta ɗaki a tsakiyar jirgi kuma a hawa na ƙasa, inda rausayar ta fi sauƙi, ka kuma tambayi likitanta irin maganin jirin da ba zai yi karo da nata ba. Bayan ka yi mata duk wannan bayani, ka saurare ta da kyau. Idan ta yi istihara ta ce zuciyarta ba ta natsu ba, kada ka matsa mata saboda kuɗin da aka biya, ka bar ta wurin 'yan'uwa a Riyad, ka tambayi kamfanin ko za su mayar da kuɗin kujerarta zuwa wata tafiyar, ko cikin hunturu ka kawo ta nan Jidda ta shiga irin wannan jirgi a Bahar Maliya, inda ba a san irin wannan guguwa ba.

Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya, Ya kuma kare mutanen da ke kan hanyar guguwar. Ka gaishe mini da Hajiya, kuma idan bayanin ƙarfe 6 na safe ya fito ka rubuto mini inda mazurarin ya karkata, da ranar da huruj ɗinku zai ƙare, mu duba tare.