Amsa ga Yaya kan filfilo mai igiya biyu

Assalamu alaikum, 'yan gida. Yaya, na ji muryarka tun da safe, ina wurin aiki ne shi ya sa sai yanzu. Ka ce yara sun ga bidiyon da na turo na filfilon nan mai igiya biyu sun hana ka sakat, amma kana gudun a zuba kuɗi a abin da zai karye rana ɗaya, kamar wanda aka taɓa sayo musu. To, ga shi nan a gabana ina magana, bari in faɗa maka abin da ya canja.

Ka san wannan ba irin namu ba ne na leda da tsinken tsintsiya, da muke ɗaura wa zare ɗaya mu saki. Tuƙa shi ake yi. Ka ja igiyar dama ya karkata dama, ka ja ta hagu ya bi hagu, ka riƙe jan ya yi ta zagaye. Don haka duk mai koyo sai ya kifa shi ƙasa da ka, da gudu kuwa, ba sau ɗaya ba ba sau goma ba. Duk gyaran da aka yi ta yi masa, saboda wannan faɗuwar ne.

Wani Bature ne a nan Ingila, Peter Powell, mutumin Cheltenham, ya fito da nasa a 1972, ya karɓu sosai har a 1976 aka zaɓe shi gwarzon kayan wasan yara na shekara a ƙasar. Na farko-farko ƙashinsa na katako ne, da ya daki ƙasa sai ka ji ƙas. Aka koma bututun alminiyom. Shi ba ya saurin karyewa, amma in ya lanƙwashe ba ya komawa daidai, ko ka miƙar da shi da hannu za ka ga filfilon yana rinjaya gefe ɗaya a sama. Daga baya aka koma sandar faiba, ita ce ta raba gardama. Ka ji, ga ta ina lanƙwasa ta yanzu, na saki, ta koma yadda take. 'Ya'yan Powell biyu sun farfaɗo da sana'ar a 2014 da sabon samfuri, shi kuma ya rasu a 2016.

Nawa na wani kamfani ne daban, amma duk hanya ɗaya aka bi. Abin da ya fi burge ni shi ne yadin. Na da leda ce, kuma ka san halin leda, in ta ɗan tsage sai ta zarce har ƙarshe. Na yanzu nailan ne irin na laimar saukowa daga jirgi. In ka ɗaga shi a haske za ka ga 'yan gidaje ƙanana kamar na littafin lissafi, zare ne mai kauri aka saƙa a ciki. Ƙaya ta huda shi, yagewar tana isa wannan zaren sai ta tsaya. Ka liƙa ɗan faci, shi ke nan, a koma fili.

Sai hancin, inda yake fara dukan ƙasa. Yaya, in za ka duba abu ɗaya kafin ka biya kuɗi, nan za ka duba. Nawa an naɗe shi da ƙyalle mai tauri irin na bel ɗin kujerar mota, an yi ɗinki biyu, don kada sandar tsakiya ta huda ta fito. Mahaɗan sandunan kuma na roba ne, in ya faɗi da ƙarfi sandar zamewa take yi ta fita maimakon ta karye, ka mayar da ita da yatsa biyu. Ranar Asabar wani yaro a filin ya kifa nawa ya fi sau goma, ciyawa kawai na kakkaɓe.

Jelar ma kada a cire ta don ana ganin ado ce. Doguwar leda ce mai rami, iska ke cika ta, tana rage masa rawar kai.

Amma ƙarkonsa a gida ya danganta da mu. Rana tana cin nailan, kada a bar shi a shanye a tsakar gida. A kakkaɓe yashi daga mahaɗan kafin a naɗe. Igiyar ta wani irin zaren roba ce da ake kira Dyneema, tana da ƙarfi ba ta miƙewa, amma ba ta jure zafin gogayya, in ta sarƙe da zaren wani filfilon nan take za ta tsinke. Kuma don Allah, Yaya, nesa da wayoyin wutar lantarki, nesa da titi, kada wani ya tsaya a ƙarƙashinsa, don yana saukowa da gudu. A samu fili buɗaɗɗe, iskar hunturu ta ishe shi.

Ni dai shawarata a saya musu guda ɗaya mai kyau, da sanduna biyu na ajiya. Babban ya fara koya, ƙananan su riƙa ɗaga masa. In ka amince ka sanar da ni kafin Juma'a, akwai mai tahowa gida wata mai zuwa sai in ba shi. A gaida Hajiya da yaran.